Numfashin Inji: Yadda Ake Auna Iskar Da Ke Ba Motocin Tsere Ƙarfi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya lura da cewa gawayi shi kaɗai ba ya sa ƙarfe ya yi ja. Maƙeri yana iya cika murhu da gawayi fal, amma da zarar yaron da ke kan zuga-zugi ya sassauta hannu, sai wuta ta lafa, ƙarfe ya huce, aiki ya tsaya. Haka lamarin yake ga injin mota. Da yawa daga cikin mutane sun ɗauka cewa ƙarfin inji yana ga yawan man da yake sha, alhali kuwa mai shi ne abu mafi sauƙin ƙarawa. Abin da ke da wuyar samu shi ne isasshiyar iskar da za ta ƙona shi. Wannan ne ya sa masu haɗa injunan motocin tsere a Turai da Amurka suke ɓata makonni suna auna yadda iska ke ratsa wani sashe guda na inji, wato kan silinda. Wannan maƙala za ta bayyana wa mai karatu yadda ake yin wannan awo, da abin da ya koya wa injiniyoyi, da kuma inda amfaninsa ya tsaya.

Inji ma numfashi yake yi

Yawancin injunan mota suna aiki ne bisa tsarin bugu huɗu, wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kyautata a shekarar 1876. A bugu na farko fistin yana sauka cikin silinda, ya zuƙo iska da mai. A na biyu ya hau ya matse su. A na uku fulogi ya kunna wuta, abin da aka matse ya ƙone ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. A na huɗu fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi waje. Idan aka duba da kyau, za a ga bugu na farko da na ƙarshe ba su da bambanci da shaƙar numfashi da fitar da shi.

Kamar yadda jikin ɗan Adam yake buƙatar iskar oksijin domin ya ƙona abinci ya sami kuzari, haka inji yake buƙatarta domin ya ƙona fetur. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, sai ya haɗu da kimanin kilo 14.7 na iska. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa lita, lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska kusan lita 9,000. Baligin mutum da ke zaune yana hutawa yakan shaƙi kimanin lita 6 a minti ɗaya, wato kusan lita 8,600 a dare da rana. Ke nan lita ɗaya tak ta fetur tana cinye iskar da mutum zai shaƙa daga wayewar gari zuwa wata wayewar.

Inji mai girman lita 2, idan yana juyi 6,000 a minti, yana neman iska lita 6,000 a kowane minti, wato ninki dubu na abin da mutum ke shaƙa yana hutawa. Kuma a wannan gudu, saukar fistin sau ɗaya ba ta wuce kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa ba. A wannan ɗan taƙaitaccen lokaci ake so silinda ta cika.

Wani abu da ya faru a Amurka ya nuna ƙarara cewa iska ce linzamin ƙarfin inji. A shekarar 1987, a filin tsere na Talladega da ke jihar Alabama, direba Bill Elliott ya zagaya fili da gudun da ya haura mil 212 a awa, kimanin kilomita 342. A wannan gasa ce tayar motar Bobby Allison ta fashe, motar ta tashi sama ta yaga shingen da ke kare 'yan kallo, wasu suka ji rauni. Da hukumar gasar NASCAR ta tashi rage gudun motoci a manyan filayenta biyu, abin da ta yi daga 1988 shi ne ta tilasta a sa wani faifan ƙarfe mai ƙananan huji huɗu a ƙarƙashin kabireta. Faifan ya taƙaita iskar da ke shiga, sai gudun ya sauko ƙasa da mil 200 a awa.

Kan silinda: maƙogwaron inji

Kan silinda, wanda kanikawa suke kira tof-silinda, shi ne murfin ƙarfe da ake ɗaurewa a saman inji. A cikinsa akwai hanyoyi iri biyu: mashigar iska da mafitar hayaƙi. A bakin kowace hanya akwai bawul, wani ƙarfe mai kama da naman kaza, wanda yake buɗewa ya rufe a kan lokaci. A injin da ba shi da turbo, babu wani abu da ke tura iska ciki sai matsin iskar sararin duniya. Fistin yana samar da gurbi ne kawai, iska kuma ta kwarara ta cike shi. Hanyar da za ta bi kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce. Sai ta sha kwana, ta kewaye sandar bawul, sannan ta kutsa ta tsakanin bawul da mazauninsa. A mafi yawan injuna nan ne wuri mafi ƙunci a duk tafiyar.

Ɗaliban ilmin halittu sun san irin wannan matsala a jikin mai ciwon fuka, wato asma. Huhunsa yana nan da girmansa, iska kuma tana nan cike da ɗaki, amma hanyoyin da za ta bi sun tsuke, don haka ko ɗan gudu kaɗan ya yi sai ya galabaita. Haka nan dokin sukuwa, wanda ta hanci kawai yake numfashi, yana iya shaƙar fiye da lita 1,500 a minti idan ya miƙe da gudu. Amma idan wani ɓangare na maƙogwaronsa ya shanye, sai a ji yana gurnani, kuma ba zai ƙara kai gudunsa na da ba, komai ƙarfin ƙafafunsa. Injin da aka ƙara wa girman silinda aka bar kansa a tsuke, misalinsa ke nan.

Daga ido zuwa mudu

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A sha'anin iska kuwa ido yakan yi kuskure, domin abin da ake son a kimanta ba a ganinsa. Likitoci ne suka riga injiniyoyi fahimtar haka. Tun a shekarar 1846 wani likita ɗan Ingila mai suna John Hutchinson ya bayyana na'urarsa ta auna yawan iskar da mutum ke iya fitarwa daga huhu, bayan ya gwada ta a kan mutane fiye da dubu biyu.

A fannin injuna, sunan da aka fi ambata shi ne Harry Weslake, shi ma ɗan Ingila, wanda ya rayu daga 1897 zuwa 1978. Ya fara ne da ƙera kabireta da gyaran baburan tsere, kuma tun a shekarun 1920 ya shiga auna iskar da ke ratsa kan silinda maimakon dogaro da gani. A shekarar 1935 kamfanin SS, wanda daga baya ya zama Jaguar, ya nemi taimakonsa. Weslake ya tsara sabon kai mai bawul a sama, sai ƙarfin injin ya tashi daga kimanin doki 70 zuwa sama da 100, ba tare da an ƙara girman silinda ba. Ya kuma sa hannu a tsara mashigar iskar injin Jaguar XK na 1948, wanda ya ci gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa har sau biyar a shekarun 1950. A 1967 kuma Ba'amurke Dan Gurney ya ci babbar gasar Beljiyam da injin da aka tsara a masana'antar Weslake.

Da farko manyan kamfanoni da ɗaiɗaikun ƙwararru ne kawai suke da irin wannan na'ura. A farkon shekarun 1970 ne kamfanin SuperFlow na jihar Colorado ya fara sayar da ƙananan teburan awo waɗanda ƙaramin gareji zai iya saye, daga nan awon ya bazu ko'ina a duniyar tsere.

Yadda teburin awon iska yake aiki

Teburin awon iska akwati ne mai ɗauke da injunan lantarki masu zuƙo iska, irin waɗanda ke cikin na'urar share ƙura. Ana cire kan silinda daga inji, a ɗaure shi a kan wani bututu mai faɗi daidai da silindar da zai yi aiki a kanta. A bakin mashigar kuma akan manna yumɓu a lanƙwasa shi, domin kada kaifin baki ya dagula iska tun kafin ta shiga. Sai a buɗe bawul kaɗan da wani dunƙulen kusa mai murɗawa, ana duba agogon awo, a kunna injunan su ja iska ta cikin mashigar kamar yadda fistin zai yi.

Abubuwa biyu ake karantawa. Na farko shi ne ƙarfin jan da ake yi wa iskar. A teburan gargajiya ana ganin wannan ne a wani bututun gilashi mai ruwa a ciki: gwargwadon ƙarfin ja, gwargwadon yadda ruwan zai hau. Na biyu shi ne yawan iskar da ta wuce. Ana sa ta bi ta wani faifai mai huji wanda aka san girmansa daidai, sai bambancin matsi a gaba da bayan faifan ya nuna adadinta. Amurkawa suna ƙirga ta da ƙafa kubik a minti, abin da suke taƙaitawa da haruffan CFM. Kowace ɗaya daidai take da lita 28.3. Bayan an rubuta sakamako, sai a ƙara buɗe bawul da kimanin milimita ɗaya da kwata ko biyu da rabi, a sake karantawa, har a kai iyakar buɗewarsa. Idan aka zo kan mafitar hayaƙi, sai a juya aikin, tebur ya riƙa hura iska maimakon zuƙa.

A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Adadin iska ba shi da ma'ana sai an faɗi ƙarfin jan da aka auna shi da shi. Idan aka ninka ƙarfin ja sau huɗu, iskar da ke wucewa takan ninka sau biyu. Mafi yawan masu wannan sana'a a Amurka suna awo ne da jan da ke ɗaga ruwa inci 28, kimanin santimita 71, kuma ana danganta yaɗuwar wannan ma'auni da shahararren bakaniken nan na Daytona, Smokey Yunick. Wasu ƙananan tebura kuwa a inci 10 suke aiki. Kan silindar da ya ba da 150 a inci 10, shi ne dai zai ba da kusan 250 a inci 28, ba tare da an taɓa shi ba. Wanda bai san wannan ba, ana iya sayar masa da kai ɗaya da suna biyu.

Daga wannan adadi akan yi kirdadon iyakar ƙarfin da inji zai iya kaiwa. Ƙiyasin da aka saba da shi shi ne kowace CFM ɗaya, a inci 28, tana iya ba da kimanin rubu'in ƙarfin doki a kowace silinda. Injin silinda takwas mai mashigar da ke wuce 250 yana iya kaiwa wajen doki 500, in sauran sassansa sun dace.

Abin da awo ya koya

Darasi na farko ya shafi inda ya kamata a yi gyara. Mai aiki yakan zura siririyar waya mai zare a baki cikin mashigar yayin da iska ke gudu. Inda zaren ya miƙe, iska tana tafiya lami lafiya. Inda ya shiga karkarwa yana juyawa, ta rikice. Ta haka aka gano cewa babbar matsala tana a ƙaramar kwanar da ke ƙasan mashiga, dab da bawul. Idan kwanar ta yi kaifi, iska ba ta iya bin bango, sai ta ɓalle ta bar wani sashe na bakin bawul ba ya aiki, kamar yadda ruwan kogi yake barin yashi a cikin kwana ya koma yana cin gaɓar waje. Sau da yawa, idan aka cike wani lungu da yumɓu, wato aka rage girman hanya, sai a ga iska ta ƙaru. Ido ba zai taɓa yarda da haka ba sai ya ga ruwan gilashi ya motsa.

Darasi na biyu ya shafi sulɓi. An daɗe ana goge mashigar iska har ta yi ƙyalli kamar madubi, ana zaton hakan zai ƙara gudu. Awo ya nuna ribar wannan wahala kaɗan ce ƙwarai idan aka kwatanta da gyaran siffar hanyar, domin iskar da ke manne da bango dama kusan a tsaye take. Saboda haka a yau akan bar mashigar da ɗan kaushi, a mai da hankali ga mazaunin bawul, inda akan yanka kusurwoyi uku, galibi digiri 30 da 45 da 60, domin iska ta sha kwanar a hankali.

Darasi na uku ya shafi buɗewar bawul. Lissafi ya nuna cewa idan bawul ya ɗaga da rubu'in faɗinsa, misali milimita 10 ga bawul mai faɗin milimita 40, tagar da ta buɗe a kewayensa ta yi daidai da faɗin fuskarsa. Kafin a kai nan, bawul ne ke tare iska. Bayan an wuce nan, mashigar ce. Kuma bawul yana kai ƙololuwar buɗewa sau ɗaya ne a kowane zagaye, amma yana ratsa kowane ƙaramin mataki sau biyu, a hawa da sauka. Don haka ƙwararre yakan duba jadawalin gaba ɗaya, bai tsaya ga lambar ƙarshe ba. Wannan lissafi ne kuma ya fifita ƙananan bawul biyu a kan babba guda, tun da jimlar kewayensu ta fi tsawo. Kamfanin Peugeot ya ci babbar gasar Faransa ta 1912 da inji mai bawul huɗu a kowace silinda, sannan injin Cosworth DFV na Keith Duckworth, wanda ya ci gasarsa ta farko a Holan a 1967, ya tabbatar da tsarin. Alamar 16V da ake gani a jikin wasu motoci masu silinda huɗu gadon wannan bincike ce.

Tarkon babbar lamba

Sai dai kuma awo yana iya yaudarar wanda ya ɗauke shi a matsayin komai. Hanya mafi sauƙi ta samun babbar lamba a tebur ita ce a faɗaɗa mashiga. Amma iska tana da nauyi, kuma idan ta ɗauki gudu ba ta tsayawa nan take. Masu tsara inji suna cin moriyar wannan: sukan bar bawul a buɗe na ɗan lokaci bayan fistin ya kai ƙasa ya fara hawa, domin iskar da ke tafe da gudu ta ci gaba da cusa kanta ciki. Ta wannan dabara injin tsere yakan shaƙi iskar da ta fi girman silindarsa. Idan mashiga ta yi faɗi da yawa, iska takan yi sanyin tafiya, kuma muddin inji bai kai matsanancin juyi ba, fistin mai hawa zai maido da ita baya.

Kamfanin Ford ya ɗanɗana wannan a gasar Trans-Am ta 1968. Ya sa wa injinsa mai kusan lita 5 wani sabon kai mai manya-manyan mashigai, waɗanda faɗinsu ya kai har sandar tura bawul tana ratsa tsakiyarsu a cikin bututu. Injin ba ya nuna ƙarfinsa sai an kai shi juyi mai tsanani, a wannan juyi kuwa injuna suka riƙa lalacewa a tsakiyar tsere. A wannan shekara Mark Donohue, a motar Chevrolet Camaro, ya ci gasa 10 daga cikin 13, Ford kuma ya yi watsi da wannan kai. Tun daga irin waɗannan darussa, abin da ƙwararru ke nema shi ne mashiga mafi ƙanƙanta da za ta wuce da iskar da ake buƙata.

Inda teburin ya tsaya

Tebur yana jan iska ne a miƙe ba yankewa, alhali a cikin injin da ke juyi 6,000 a minti kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Iskar tebur busasshiya ce mai sanyin ɗaki. Ta inji tana ɗauke da ɗigon mai, hayaƙin da ke fita kuma yana da zafin ɗaruruwan digiri da matsin da tebur ba ya kaiwa. Bayan haka, yawan iska bai wadatar ba, sai ta shiga tana murɗawa kamar ƙaramar guguwa domin ta gauraya da mai ta ƙone da sauri, kuma wannan sai an ƙara wa teburin wata na'ura kafin a auna shi. Kamar dai yadda likita zai auna numfashin ɗan wasa a asibiti ya san ko hanyoyin huhunsa a buɗe suke, amma ba zai iya faɗin wanda zai zo na ɗaya a fili ba.

Saboda haka bayan tebur sai a haɗa injin a ɗora shi a kan na'urar auna ƙarfi, daga nan a kai shi filin tsere. A yau manyan kamfanoni suna kwaikwayon tafiyar iska a kwamfuta kafin su narka ƙarfe, kuma idan aka dace da siffa mai kyau, na'urar sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa takan maimaita ta a kowace silinda ba bambanci. Duk da haka teburin bai yi ritaya ba, domin da shi ake tabbatar da cewa abin da kwamfuta ta faɗa gaskiya ne.

Kammalawa

Ba sai an je Turai ba kafin a ga wannan ilmi yana aiki. Motar da ta hau tsaunin Jos, mai tsawon kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, takan rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta in ba ta da turbo, saboda iskar can ta fi ta bakin teku sauƙi. Matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe ita ma shaƙe inji take yi. Maganinta a wanke ta ko a canja, domin cire ta gaba ɗaya yana ba ƙura damar cinye zobban fistin.

Malamin kimiyya kuma yana iya kawo asalin teburin cikin aji da kayan da ba su da tsada. A sami siririyar roba mai haske, a lanƙwasa ta kamar harafin U a jikin katako, a zuba ruwa mai launi zuwa rabi, a manna rula a gefe. A haɗa baki ɗaya da gorar roba da aka huda wa murfi, sannan a zuƙi iska daga gorar ta wani bututu dabam. Ɗalibai za su ga yadda ruwan ke hawa sosai idan hujin ƙarami ne, ya kuma sassauta idan aka faɗaɗa shi ko aka gyara kaifin bakinsa. Kafin kowane gwaji, a sa kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake zato, bayan an karanta rula kuma a kwatanta. Wanda zatonsa ya saɓa wa rula, sai ya gyara zaton.